Darasi na 17: Daga Legas Zuwa Landan, Nisa da Tsawon Tafiya a Jirgin Sama

A ce yayarku ta sami gurbin karatu a wata jami'a a Ingila, za ta tashi cikin watan Disamba. An gama shiri, ga fasfo, ga biza, ga tikiti. Saura abu guda, wato a sanar da kawunku da ke zaune a Landan lokacin da zai je filin jirgi ya tarye ta. Baba ya miƙo muku tikitin ya ce, "Ku da kuke zuwa makaranta, ku duba mini, awa nawa za ta yi a hanya?"

Kun duba, kun ga an rubuta tashi daga Legas ƙarfe 11:30 na dare, sauka a Landan ƙarfe 5:00 na asuba. Kun ƙirga da yatsu, kun ce awa biyar da rabi. Sai kuka leƙa tikitin dawowa, wanda za ta yi amfani da shi a watan Janairu in ta zo ɗaukar sauran kayanta. Tashi daga Landan ƙarfe 10:00 na safe, sauka a Legas ƙarfe 5:30 na yamma. Wannan kuma awa bakwai da rabi ke nan. Jirgi iri ɗaya, hanya ɗaya, amma zuwa ya bambanta da dawowa da awa biyu cur. Shin Landan ta fi kusa in za a je, ta ƙara nisa in za a dawo?

Amsoshin nan biyu duk kuskure ne. Tafiyar ba awa biyar da rabi ba ce, ba kuma bakwai da rabi ba. A wannan darasi za ku ga yadda ake auna nisan da ke tsakanin filayen jiragen sama biyu, da abin da ya sa nisa ba ya canzawa amma tsawon tafiya yana canzawa. Za kuma ku koyi yadda ake faɗin waɗannan abubuwa da Hausa ba tare da an rikita mai sauraro ba.

Filaye biyu

Babban filin jirgin sama na Legas yana Ikeja. An sa masa sunan Janar Murtala Muhammed, shugaban ƙasa na mulkin soja, haifaffen Kano, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. A kan tikiti da jikin akwatuna za ku ga haruffa uku, LOS, su ne alamarsa. Kowane babban fili a duniya yana da irin waɗannan haruffa: na Kano KAN, na Abuja ABV. Filin da yayarku za ta sauka shi ne Heathrow, a yammacin birnin Landan, alamarsa LHR. Ya fara karɓar fasinjoji a 1946, kuma a 2019 kaɗai mutum fiye da miliyan 80 suka bi ta cikinsa. Duk da wannan cunkoso, titin tashi da sauka biyu kacal gare shi. Ku riƙe wannan a zuciya, domin za mu dawo kansa.

Dole a ambaci sunan fili, ba sunan gari kawai ba. Landan tana da filaye da yawa, kuma akwai jiragen Legas da ke sauka a Gatwick, can kudu da birnin. In kuka ce wa kawu "ka je filin jirgi" kuka yi shiru, yana iya kwana yana jira a wani fili, ita kuwa tana tsaye da akwati cikin sanyi a wani.

Yadda ake auna nisan

Babu wanda ya taɓa jan igiya daga Ikeja zuwa Heathrow. Lissafi ake yi, kuma ku ma za ku iya yinsa a kan takarda.

Duniya ƙwallo ce, kewayenta kimanin kilomita 40,000. Masana sun raba wannan kewaye gida 360, kowane gida ana ce masa digiri. In kun raba 40,000 gida 360, za ku sami kusan 111. Wato duk wanda ya miƙa arewa sak ya ci digiri ɗaya, ya yi tafiyar kilomita 111. Ana fara ƙirga digirin ne daga Ikwaita, layin nan da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Filin Legas yana digiri 6.6 arewa da Ikwaita, Heathrow kuwa yana digiri 51.5. Ku ɗebe ƙarami daga babba, saura 44.9, a ce 45.

A nan muka yi sa'a da wannan misali. Landan kusan arewa sak take da Legas, karkatarta zuwa yamma ba ta kai digiri huɗu ba, saboda haka ba sai mun shiga lissafi mai wuya ba. 45 sau 111 ya ba mu 4,995. Nisan Legas da Landan ta sama ke nan, kimanin kilomita 5,000. Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi. Digiri 45 kashi ɗaya ne cikin takwas na 360, kuma kashi ɗaya cikin takwas na 40,000 shi ne 5,000. Yayarku za ta ci kashi ɗaya cikin takwas na kewayen duniya tsakanin lisha da asuba.

Wani littafin zai ce muku nisan mil 3,100 ne, matuƙin jirgi kuma ya ce mil 2,700. Kada wannan ya ruɗe ku, ma'auni ne ya bambanta. Mil na tudu kilomita 1.609 ne, mil na teku kuwa, wanda matuƙan jiragen ruwa da na sama suke amfani da shi, kilomita 1.852 ne.

In kun aza zare a kan ƙwallon duniya na makarantarku, bakinsa ɗaya a Legas, ɗaya a Landan, kuka ja shi ya miƙe, zaren zai ratsa arewacin Jamhuriyar Benin, ya shiga Nijar ta wajen Yamai, ya taɓa gabashin Mali, ya keta Aljeriya daga kudu har arewa, ya haye Bahar Rum, ya bi ta gabashin Sifen da Faransa kafin ya isa Ingila. Wannan ita ce hanya mafi gajarta. Ku gwada haka tsakanin Landan da New York, za ku ga abin mamaki. A shimfiɗaɗɗiyar taswirar bango, sai ku zaci yamma kawai za a nufa a ɗan gangara kudu. Amma zaren zai bi ta Ireland, ya haura arewacin tekun Atlantika, ya sauko ta gabashin Kanada. In aka zana wannan hanya a taswirar bango sai ta fito a lanƙwashe kamar baka, har mutum ya ce matuƙi zagaye yake yi. Ba zagaye ba ne. Taswirar ce ta yi ƙarya, domin ba a iya shimfiɗa ɓawon lemo a kan tebur ba tare da ya yage ko ya miƙe ba. Ƙwallon duniya shi ne mai gaskiya.

Daga nisa zuwa lokaci

Kun koya a darasin lissafi cewa in aka raba nisa da gudu, sai a sami lokaci. Babban jirgin fasinja, in ya daidaita a sama, yana gudun kimanin kilomita 900 a awa ɗaya. 5,000 a raba da 900 ya ba mu awa biyar da minti 33. Amma kamfanonin jirage sukan rubuta kimanin awa shida da rabi a jadawalinsu. Ina sauran awa gudan ta tafi?

Da farko, lokacin da ke kan tikiti ba daga tashin jirgi sama yake farawa ba. Yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya bar inda yake tsaye, ya ƙare sa'ad da ya tsaya a ɗaya filin. Jirgi yakan yi ta rarrafe a ƙasa kamar mota, ya bi layi a bayan wasu jirage, ya jira izini daga hasumiya. Bayan ya tashi ma ba nan take yake kai cikakken gudunsa ba. Yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin yana hawa, har ya kai tsayin kilomita goma zuwa goma sha biyu, inda iska ba ta da kauri, mai kuma ba ya ƙonewa da yawa. A can sanyi yakan kai digiri 50 ƙasa da sifiri, ko da kuwa a saman Sahara ne. Haka nan wajen sauka, tun da sauran kusan rabin awa yake fara rage gudu yana gangarowa.

Na biyu, jirgi ba ya bin zaren nan namu daidai wa daida. Sama ma tana da hanyoyinta, kamar yadda ƙasa take da tituna, kuma kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta. In hadari ya haɗu a gaba, kamar yadda yake yi a ƙasashenmu da damina, matuƙi yakan kauce masa. Wani lokaci kuma siyasa ce ke tare hanya. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar, sojojin ƙasar sun rufe sararin samaniyarsu na wasu makonni. Jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya sai da suka riƙa yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, aka ƙara ƙona mai. Legas ba ta motsa ba, Landan ba ta motsa ba, amma hanya ta ƙaru.

Na uku, ku tuna da tituna biyu na Heathrow. Da sassafe jirage daga Asiya da Afirka da Amurka sukan iso kusan lokaci guda, kowa yana neman sauka. Akwai wurare huɗu a kewayen Landan inda ake sa jirage su yi ta shawagi suna jiran a kira su, wani a saman wani, kamar shirwa a kan mahauta. Fasinja yana hango fitilun birnin ta taga, amma sai ya ƙara minti goma ko fiye kafin ƙafar jirgi ta taɓa ƙasa. Mu ma a nan muna da namu cikas. In hazon hunturu ya yi kauri, matuƙi ba ya ganin titi sosai, sai a jinkirta tashi ko a karkatar da jirgi zuwa wani fili.

Abin lura shi ne, wannan ƙarin lokaci ya fi bayyana a gajeriyar tafiya. Daga Legas zuwa Kano ta sama kimanin kilomita 830 ne. In da lissafin raba nisa da gudu kaɗai za a bi, ko awa ɗaya ba za a cika ba, amma a jadawali kusan awa ɗaya da rabi ne. Rarrafe da hawa da sauka suna nan, ko tafiya gajeriya ce ko doguwa.

Kogin iska

Akwai wani abu kuma da ya fi duk waɗannan tasiri, sai dai ba a kan hanyar Legas da Landan ya fi nuna ƙarfinsa ba. Don ku gan shi da kyau, mu koma kan hanyar Landan da New York da muka auna da zare ɗazu.

Can sama, daidai tsayin da jirage ke tafiya, akwai wata iska mai tsananin gudu da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, musamman a sassan duniya masu sanyi. Mu kira ta kogin iska, domin kamar kogi take, tana da faɗi, tana da hanya, tana kuma lanƙwasa. Gudunta yakan kai kilomita 200 a awa ɗaya, da hunturu har ya zarce haka nesa. Duk wanda ya taɓa ganin kwalekwale a kogin Kwara ko Binuwai ya san bambancin bin ruwa da haurawa. Mai tuƙi ɗaya ne, ƙarfin damtsensa bai canza ba, amma in ruwa na tura shi sai ya isa da wuri, in kuwa yana fama da ruwa sai ya daɗe. Haka jirgin sama yake. Gudun nan na kilomita 900 gudunsa ne a cikin iska, ba a kan ƙasa ba. In iska mai gudun 150 tana bayansa, a ƙasa za a ga yana cin 1,050. In tana gabansa, 750 kawai yake ci.

Tsakanin Landan da New York kimanin kilomita 5,550 ne. Zuwa New York, da yake ana fuskantar iskar, yakan ɗauki wajen awa takwas. Dawowa kuwa wajen awa bakwai. A watan Fabrairu na 2020, lokacin wata guguwa mai ƙarfi, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya taso daga New York ya sauka a Heathrow cikin awa huɗu da minti 56. Ba injinsa ne ya ƙara ƙarfi a daren ba, iska ce ta goya shi. Jirgin fasinja da ya yi wannan tafiya da saurin da ya zarce haka shi ne Concorde, wanda ya fi sauti gudu. A 1996 ya yi ta cikin awa biyu da minti 52 da daƙiƙa 59, amma an daina amfani da shi tun 2003.

To, me ya sa zuwa Landan da dawowa Legas suke kusan daidai? Domin tafiyar daga kudu zuwa arewa ce. Jirgin yana tsallaka kogin iskar ne, ba bin sa yake yi ba, ba kuma haura shi ba. Iskar tana bugunsa ta gefe, saboda haka bambancin ba ya da yawa.

Wannan lissafi ba na burge aji ba ne, rayuka sun rataya a kansa. Kafin kowane tashi, sai an duba hasashen iska an san awa nawa za a yi a sama, domin da shi ake sanin yawan man da za a zuba. Ana zuba na tafiyar, a ƙara na zuwa wani fili daban ko da wanda aka nufa ya ƙi saukuwa, sannan a ƙara na shawagin aƙalla minti talatin wanda ba a taɓa shi sai dole ta kama. Direban mota in mai ya ƙare masa ya gangara gefen titi. Matuƙin jirgi ba shi da gefen titi.

Agogo biyu

Yanzu mu koma kan tikitin da Baba ya miƙo muku. Sirrinsa shi ne, kowane lokaci da aka rubuta a tikiti, agogon garin da aka ambata ne. Lokacin tashi agogon Legas ne, lokacin sauka agogon Landan.

Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, shi ya sa gari yake waye wa mutanen gabas kafin na yamma. An ɗauki agogon Greenwich, wata unguwa a Landan, a matsayin ma'auni. Shi ne agogon GMT da kuke ji ana ambata a gidajen rediyo masu watsa labarai da Hausa. Agogon Nijeriya da Nijar yana gaba da GMT da awa ɗaya, rani da damina, ba ya canzawa. Ingila kuwa tana canza nata sau biyu a shekara. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai ya zo daidai da namu. Sauran watannin suna kan GMT, muna gaba da su da awa ɗaya.

Yayarku za ta tashi a Disamba ƙarfe 11:30 na dare. Ku ƙara awa shida da rabi, agogon hannunta zai nuna ƙarfe 6:00 na safe in ta sauka. Amma agogon bangon Heathrow zai nuna 5:00, abin da aka rubuta a tikiti ke nan. Wajen dawowa, ƙarfe 10:00 na safe a Landan ƙarfe 11:00 ne a Legas. Ku ƙara awa shida da rabi, kun sami 5:30 na yamma. Ashe zuwa da dawowa duk awa shida da rabi ne. Agogo ya ɓoye awa ɗaya wajen zuwa, ya ƙara ɗaya wajen dawowa, shi ne awa biyun da suka ruɗe ku. Da a watan Yuli za ta yi tafiyar, da babu wannan ruɗani ko kaɗan.

Dabarar ita ce, kafin ku ɗebe lokaci daga lokaci, ku mayar da su duka kan agogo ɗaya. Ku kuma kula da kwanan wata. Ta tashi ranar Litinin da dare, amma Talata za ta sauka. Mutane da yawa sun je tarye ranar da ba ita ba saboda wannan. Kawu kuma ba sai ya tsaya a ƙofa ƙarfe biyar daidai ba, domin duba fasfo da ɗaukar kaya sukan ci awa guda ko fiye.

Da da yanzu

A da, Bahaushe ba da kilomita yake faɗin nisa ba, da lokaci yake faɗa. Sai ya ce gari kaza tafiyar wuni ce, gari kaza tafiyar kwana uku, ko ya ƙirga zango. Fataken da ke ratsa Sahara da raƙuma daga Kano zuwa Tarabulus watanni suke yi a hanya. Hamadar nan ce yayarku za ta tsallake cikin kimanin awa biyu, wataƙila ma tana barci. Ɗaliban Nijeriya da suka tafi karatu Ingila a jirgin ruwa kafin samun 'yancin kai, kimanin mako biyu suke yi tsakanin Legas da Liverpool. A watan Nuwamba na 1925 wasu jiragen sojan Ingila guda uku suka sauka a Kano daga Masar, bayan sun shafe kwanaki suna yada zango a hanya, jama'a suka fito kallo. Kalmar jirgi kanta tun asali kwalekwale take nufi. Da sababbin abubuwan hawa suka zo, sai aka bambanta su da inda suke bi: jirgin ruwa, jirgin ƙasa, jirgin sama.

Harshe: ƙarfe da awa

Kuskuren da masu koyon Hausa suka fi yi a wannan fage shi ne haɗa ƙarfe da awa. Ƙarfe yana nuna lokacin da abu ya faru, awa tana nuna tsawon lokacin da ya ɗauka. In kun ce "Jirgi ya tashi ƙarfe shida," kun faɗi abin da agogo ya nuna. In kun ce "Jirgi ya yi awa shida," kun faɗi daɗewarsa a hanya. Tambayoyinsu ma daban ne: "Ƙarfe nawa zai sauka?" da "Awa nawa zai yi?" A rubutu da labaran rediyo za ku tarar da sa'a, jam'inta sa'o'i, a madadin awa. Ma'anarsu ɗaya.

Bayan ƙarfe, a kan faɗi sashen yini: na asuba, na safe, na rana, na yamma, na dare. Minti talatin shi ne rabi, goma sha biyar kuma kwata. 6:15 shi ne ƙarfe shida da kwata, 6:30 shida da rabi, 6:45 kuwa bakwai saura kwata. Ku lura kuma cewa a Hausa abin da ake ƙirgawa ne ke zuwa kafin lamba: awa shida, kilomita dubu biyar, jirage uku. Jirgi yana tashi, yana sauka. Mutum yana shiga jirgi ko ya hau shi. Wanda ya je karɓar matafiyi ya je tarye, wanda ya kai shi fili ya yi rakiya.

Ku karanta wannan hira ta waya, biyu biyu, sannan ku sauya matsayi.

Ɗa: Salamu alaikum, Kawu. Ina wuni?
Kawu: Wa alaikumus salam, ɗana. Lafiya lau. Yaya mutanen gida?
Ɗa: Kowa lafiya, suna gaishe ka. Baba ne ya ce in sanar da kai zuwan Yaya.
Kawu: Madalla. Yaushe za ta taso?
Ɗa: Ranar Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare, agogonmu.
Kawu: To, ƙarfe nawa za ta sauka?
Ɗa: Ƙarfe biyar na asubahin Talata, agogonku, in Allah ya yarda.
Kawu: A wane fili? Ka san ba ɗaya gare mu ba.
Ɗa: A Heathrow, Kawu.
Kawu: Yauwa. Ka ce mata ta sa rigar sanyi a jakar hannu, kada ta kulle ta a akwati. Allah ya kawo ta lafiya.
Ɗa: Amin, Kawu. Na gode.

Aiki

1. Me ya sa lissafin nisan Legas da Landan ya zo da sauƙi? Ku yi bayani cikin jimla biyu.
2. Ku kawo dalilai uku da ke sa jirgi ya daɗe fiye da abin da raba nisa da gudu ya nuna.
3. Da me aka kwatanta iskar da ke kwarara a sama? A ganinku kwatancin ya dace?
4. Ku cike gurbi da ƙarfe ko awa: (a) Mun yi ...... biyu muna jira. (b) Za mu tashi ...... tara na safe. (c) ...... nawa ne daga Enugu zuwa Kano a mota?
5. Ku rubuta waɗannan da kalmomi: 4:45 na yamma; 12:15 na rana; kilomita 830; kilomita 5,550.
6. Jirgi ya tashi daga Landan ƙarfe 10:30 na dare ranar 5 ga Agusta, ya yi awa shida da rabi. Ƙarfe nawa zai sauka a Legas, kuma ran nawa ga wata?
7. A watan Janairu agogon Nijeriya yana gaba da na Atlanta ta Amurka da awa shida. Jirgi ya tashi daga Legas ƙarfe 11:00 na safe, ya yi awa 13 a hanya. Ƙarfe nawa agogon Atlanta zai nuna in ya sauka?
8. Aikin gida: ku nemi zare da ƙwallon duniya. Ku auna tsawon zare daga Legas zuwa Landan, ku sa masa alama, wannan shi ne kilomita 5,000. Da wannan ma'auni ku kimanta nisan Kano da Jidda, sannan ku rubuta gajeriyar wasiƙa da Hausa zuwa ga kakarku da za ta tafi aikin Hajji, kuna sanar da ita kimanin awa nawa za ta yi a cikin jirgi.